Yadda za ka zaɓi katakon teburin aikinka na farko a nan Maradi

Duk yaron da ya fara koyon kafinta, ko babban da ya ce bari shi riƙa ɗan taɓa aikin katako cikin gida, abin da yake fara tambaya shi ne wane katako ne ya fi kyau. Ni kuma kullum amsata guda ce, katakon da ya bushe a garin nan, mai kauri, mai nauyi. Sunan iccen daga baya yake zuwa. Teburin aiki ba na cin abinci ba ne da za a ce a nemi mai sheƙi, wuri ne da za ka doka guduma, ka ja zarto, ka tura rabo, wato abin goge katako, da ƙarfin kafaɗa, in yana rawa ko samanshi ya lanƙwashe to duk abin da ka yi bisanshi karkatacce zai fito, kuma kai ta zargin hannunka alhali tebur ne.

Kafin ka taka ƙafa wajen masu katako, zauna da takarda da mita ka yanke girman da kake so. Tsawo santimita 150 zuwa 180 ya isa, faɗi 55 zuwa 60, kar ka wuce haka don hannunka ba zai kai can baya ba, sai tarkace ya taru wurin. Tsayi kuwa jikinka ne zai gaya maka, miƙe tsaye ka saki hannu, inda wuyan hannunka ya tsaya nan ne saman tebur, ga yawancin mutane yana faɗawa tsakanin 85 da 90. Kaurin sama kar ya gaza santimita 7, in ya kai 8 ko 10 ya fi. Wanga ba sabon tunani ba ne, tun wajen 1769 wani kafinta na Faransa, André Roubo, ya zana irin teburin nan mai sama kakkaura da ƙafafu huɗu manya, har yau shi ake kwaikwayo saboda nauyi shi ne ke riƙe aiki.

To yanzu lissafi. Katakon da ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Issa yawanci da inci ake kiran shi, tu-bai-tu, tu-bai-fo, tu-bai-sikis, tsawo ƙafa 12 wato mita 3 da santimita 60 ko kusa da haka. Tu-bai-fo a suna santimita 5 ne da 10, amma ka auna da kanka, sau da yawa bai cika ba, kuma bayan an goge shi zai dawo kamar 4 da 8 da rabi. Hanya mafi sauƙi ta samun sama mai kauri ita ce ka tsayar da su bisa gefensu ka jera ka manne, kowane guda ya ba ka faɗin santimita 4, ke nan guda 15 za su ba ka 60. Kowane dogo guda ana raba shi biyu, in ka cire bakunan da suka tsage za ka samu biyu masu 170. Ke nan dogaye 8 na sama. Ƙafafu, kowace ƙafa guda biyu za ka haɗa ta zama kakkaura, dogaye 2 sun isa. Sandunan da ke ɗaure ƙafafu, na tsawo da na faɗi, wasu 2. Sha biyu ke nan, amma ka sayi 15. Ukun nan ba ɓarna ba ce, in suna bushewa wasu sai sun murɗe ko sun tsage, kuma in ka koma kasuwa daga baya ba lalle ka samu irinsu ba, ko ka samu ɗanye ne zai zama cikin busassu.

Sai maganar iri. A kasuwa abin da za ka fi ji shi ne farin katako da jan katako, amma ƙarƙashin kowane suna akwai itatuwa daban daban, don haka ka tambaya.

Farin da ya fi yawa kuma ya fi araha shi ne wanda 'yan Najeriya ke ce ma obeche, ta wajen Kodebuwa samba, a Gana wawa, duk icce guda ne. Shi ne masu gini ke saye su yi allon zuba kankare. Ba shi da nauyi, mita kubik guda busasshe bai wuce kilo 380 ba ko kusa da haka, farce ma yana shiga cikinshi. Yana da daɗin aiki gaskiya, amma ga saman tebur ban so shi, don ramukan da za ka huda na maƙale aiki da sauri suke buɗewa, ƙusa da noti ba su kama shi sosai, ga ƙwari na son shi. In kuɗinka iyakarsu ke nan to ba laifi, ka ƙara kauri ya kai 10, ka sa shiryayye a ƙasa ka ɗora buhun yashi ko bulo don nauyi.

Afara, wanda masu Faransanci ke ce ma frake, shi ne tsaka-tsaki kuma shi na fi nuna ma mai farawa. Nauyinshi wajen kilo 550 ga mita kubik, yana goguwa lafiya, yana shan gam, launinshi da haske don haka kana ganin layin fensir da ƙananan ƙusoshi in sun faɗi bisa. Saman da muka lissafta in da afara ne zai kai kusan kilo 48, da obeche kuwa 33, ka ga bambanci ke nan tun ba a sa ƙafafu ba. Aibinshi guda, gara da ƙwaro ba su jin tsoronshi, sai an yi mai magani. Malaina ma ana samu, shi in ya bushe ba ya motsi sosai, amma yana daɗewa bai bushe ba, sai ka ga waje ƙamas ciki da ruwa, kuma ya fi afara taushi.

Jan katako, mahogani da iroko, su ne na masu hali. Iroko wajen kilo 650, gara ba ta cika damun zuciyarshi ba, yana zama lafiya da canjin yanayi, amma wani lokaci akwai farin abu kamar dutse cikin jikinshi da ke cinye kaifin rabo, kuma ƙurarshi tana sa ƙaiƙayi da tari, a ɗaure hanci in ana yanka. Shawarata in aljihu ya ɗan yarda, ka yi ƙafafu da jan katako, sama da afara, sai guda ɗaya ko biyu na gaba, inda za ka ɗaura ƙarfen matse aiki kuma inda ya fi shan duka, su ma ka sa ja. Kawo da madobiya kuwa ka bar su. Sun yi tsada, sun yi tauri ga mai koyo, madobiya ma tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta duniya bisa cinikin itatuwa da namun daji masu neman ƙarewa, ta sa ma ido saboda yadda aka ƙarar da ita a Afirka ta Yamma, bai kamata a ɓata ta a teburin da za a yi ta sara ba.

Na gida fa? Bedi, wato dogon yaro, katakonshi yana da nauyi da ƙarfi kuma ƙwari ba su cika son shi ba, in ka samu wanda aka tsaga da daɗewa ya bushe, ƙafafu ne masu kyau ƙwarai, sai dai zarenshi a sarƙe yake, rabo na tsinke shi in ba kaifi. Turare yana tsagewa yana murɗewa in yana bushewa, ga rufi ya dace, ba ga wanga aiki ba. Azarar giginya zaruruwa ne da ita masu shiga hannu. Kirya a bar ma masu turmi. Kuma don Allah kar wani ya ce zai je gona ko dajin Baban Rafi ya kada icce don tebur, dokar daji ta 2004 tana nan, 'yan gandun daji suna nan, gawo da ire-irenshi masu kariya ne, kuma manoman jahar nan tun shekarun 1980 suke wahalar rainon itatuwan gonakinsu har duniya ta san Maradi da wannan. Saya wajen mai takarda.

Yanzu ga inda maganar take, ruwan da ke cikin katako. Katako kullum yana sha yana fitarwa gwargwadon iskar da yake ciki. Wanda aka tsaga a kudu, wajen da iska ke da laima shekara duka, ko ya zauna ya bushe a can ruwan jikinshi yana wajen kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, balle yawanci ba a jira, daga injin tsaga sai mota. Nan kuwa lokacin hunturu da bazara iska na bushewa har katako ya sauka kashi 5 ko ƙasa da haka, in damina ta yi tsakiya cikin Agusta ya sake hawa 13 ko 15. Kuma in yana rasa ruwa a faɗi da kauri yake tsukewa, tsawo kusan ba ya motsi. Shi ya sa za ka ga ƙofar da aka yi da ɗanyen katako cikin Satumba, zuwa Janairu yatsa na shiga tsakanin falankai. Teburi ma haka, manne zai buɗe, ƙafa za ta saki, sama ya kumbura tsakiya ko ya zama kwaroro.

Saboda haka lokacin saye ma zaɓi ne. Mafi kyau ka saya bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba ko Nuwamba, ka aje ya sha sanyi da iskar hunturu, ka yi aiki wajen Fabrairu ko Maris. Haɗin da aka yi lokacin da katako ya fi bushewa, in damina ta zo ƙara matsewa yake, wanda aka yi da damina kuwa rani na zuwa sai ya yi lakaf.

In ka je wajen mai katako, tafi da safe, da mita da alli da ƙaramar wuƙa. Ka gaisa yadda ya kamata, sa'annan ka ce, Alhaji ba na gini nake so ba, teburin aiki zan yi, akwai wanda ya daɗe a ajiye? Kusan kowace rumfa akwai tsohon kaya can baya ko ƙarƙashin tari, ya yi ƙura ya yi toka-toka, masu gini ba su kula shi. Shi kake nema. Wanda ya kwana biyu ya riga ya nuna halinshi, in mai murɗewa ne ya murɗe ka gani da ido, sabon saukewa kuwa duk a miƙe suke kamar na kirki. Ka roƙi izini ka zaɓa da hannunka, ka ɗan ba yaran rumfa na goro su taya ka juya tari, kuma in ka gama ka mayar musu da shi yadda ka tarar, gobe ma za ka dawo.

Kowane guda ka ɗauko, ka aza baki ɗaya ƙasa, ɗaya ka ɗaga kusa da idonka, ka rufe ido guda ka duba tsawonshi, ka juya ka duba ta gefe. Lanƙwasa kala uku ce. Akwai wanda ya yi baka ta fuskar faɗi, wannan da sauƙi, in an raba shi biyu an matse cikin 'yan uwanshi zai miƙe. Akwai wanda ya karkata ta gefe, in kaɗan ne rabo zai ci. Sai wanda ya murɗe, kusurwar can ta ɗaga ta nan ta sauka, wannan ka aje shi ko da kyauta ne, kafin ka miƙe shi rabin kaurin ya tafi.

Daga nan ka dubi bakinshi, inda aka yanke. In ka ga ɗan ɗigon tsakiyar icce da layuka suna zagaye shi, to cibiyar iccen tana ciki, wannan sai ya tsage, ba makawa. Wanda layukan suka ratsa a tsaye ko a ɗan gicce ya fi zama lafiya, don katako yana tsukewa kusan ninki biyu ta bin zagayen layukan bisa ga ta ratsa su. A jan katako ka lura da fari-farin gefe, wannan ɓangaren bayan icce ne, nan ƙwari ke fara ci ko da iroko ne. Idon reshe ƙarami mai kama jiki ba komi, sai ka juya shi ƙasa, amma babba baƙi mai tsaga kewaye da shi yana raunana katako, musamman ga ƙafa.

Ka duƙa ka dubi ƙasan tarin ma. In ka ga gari mai laushi kamar na alkama ya taru ƙanana ƙanana, ka bi sama za ka ga 'yan ramuka kamar na allura, ƙwaro na ciki da ranshi yana ci. Kar ka kai wannan gida, zai bi sauran kayanka. Baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗin da ake gani jikin farin katako shi kaɗai ba ya rage ƙarfi, amma alama ce ya daɗe da laima, sai ka soka wuƙa, in ta shige da sauƙi ruɓa ta fara.

Gane ɗanye ba wuya. Ɗauki biyu iri ɗaya girma ɗaya, wanda ya fi nauyi sosai shi ke da ruwa. Aza tafin hannu, ɗanye yana da sanyi ko da rana. Ƙwanƙwasa shi da ƙarfe, busasshe yana amsawa ƙal ƙal, ɗanye dum. In mai rumfa ya yarda a yanke ɗan baki, ka dunƙule garin zarton a hannu, in ya kama juna da sauran ruwa. Farashi kuwa ba ya zama wuri guda, yana bin canjin naira da sefa da halin iyaka, don haka ka zagaya rumfa biyu uku tukuna, kuma ka yi ciniki bisa jimla ba guda guda ba. In an ɗora a amalanke ko kura a kwantar da su sosai a ɗaure, kar rabin tsawon ya riƙa lilo a baya.

Ka kawo gida, to ba a fara aiki ba tukuna. Kar ka jingina su ga bango, kar ka zuba su bisa ƙasa, kar ka shanya su a rana wai su yi saurin bushewa, rana tsaga su take. Nemi inuwa mai iska, zaure ko ƙarƙashin rumfa. Jera bulo, tsayi kamar santimita 30 daga ƙasa saboda gara, ka tabbatar sun yi daidai da juna don in gindin ya karkace katakon ma haka zai bushe. Jera sahu na farko da ɗan fili tsakaninsu, sai ka gitta 'yan sanduna busassu masu kaurin santimita 2 kowane santimita 40 ko 50, ka aza sahu na biyu, sandunan sama su hau daidai bisa na ƙasa. Can sama ka danne da bulo. Bakunan ka shafe su da ragowar fenti ko gam, saboda ta baki ruwa ya fi saurin fita, nan tsaga ke farawa. In iskar hunturu ta yi ƙarfi, makonnin farko ka rataya buhu ko tabarma ta gefen da take bugowa, bushewa da gaggawa ita ma ɓarna ce.

Ta yaya za ka san ya yi? Zaɓi guda ɗaya daga tsakiyar tari, ka auna shi a sikeli, ko na mai shagon unguwa ne, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinshi. Duk mako ka sake. Farko zai riƙa sauka da sauri, daga baya a hankali, in ya yi mako biyu ko uku bai canza ba to ya daidaita da iskar gidanka. Wannan ya fi duk wata rantsuwar mai sayarwa.

Sai a kai wajen mai inji a goge fuskoki, in ba ka son wahalar rabo da hannu. Ka ce mai ya ci kaɗan kaɗan ta kowane gefe daidai, ka dawo da su su kwana biyu uku a jere kamar da, don wani in an buɗe fatarshi yana sake motsi. Daga nan ka tantance, mafi miƙewa da tsabta su tafi gaba da bayan sama, masu ɗan aibi tsakiya, aibin na kallon ƙasa. Ka gwada rabo bisa kowane guda ka ga ta ina yake goguwa sumul, ka zana kibiya, duk kibiyoyin su kalli gefe guda in za ka manne, ranar da za ka daidaita saman za ka ga amfanin wannan.

Manne da farin gam, da sassafe, guda uku ko huɗu a lokaci guda, don da zafin garin nan gam na yin fata kafin ka gama shafawa. Wanda ba shi da ƙarafan matsewa da yawa, ya nemi dogon ƙarfe mai zare na milimita 10 ko 12, guda huɗu, a huda katakan duka a wuri ɗaya a zura a ɗaure da noti da washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami. Wajen ɗaura sama bisa ƙafafu kuma ka tuna faɗin 60 ɗin nan zai iya motsa kusan santimita guda tsakanin rani da damina, don haka ramin noti na gaba ya zama daidai, na baya ka ɗan tsawaita shi ta faɗi ya samu wurin tafiya, in ka ƙulle shi ta ko'ina tsagewa zai yi.

Wasu za su ce mi ya hana filawud? Ba abin da ya hana, in ka samu mai kyau na milimita 18 ka manne uku ko huɗu, sama ne shimfiɗaɗɗe da ba ya damuwa da yanayi, sai ka kewaye bakinshi da katako. Amma ba a goge shi da rabo in ya ci duka, kuma na arahar nan cikinshi rami ne. Wanda aka yi da garin katako kuwa ruwa na taɓa shi ya kumbura. Katakon palet, wato gadon katakon da ake ɗora kaya bisa in za a yi sufuri, ya yi siriri ga sama, ga shiryayyen ƙasa ya yi, ka dubi tambarin jikinshi, HT da zafi aka gasa shi ba matsala, MB kuwa hayaƙin guba aka yi mai, ka bar shi. Tsohon katakon rufi ko na ƙofa da aka cire daga gida, in gara ba ta shiga ba, wannan ya fi sabo nesa, sai dai ka bi shi da haƙuri ka zare duk wata ƙusa kafin ya je inji.

Maganin gara, Solignum ko makamancinshi, a shafa ga ƙafafu da ƙarƙashin sama da duk bakin da aka yanke, a waje cikin iska, a bar shi ya sha. Baƙin man mota da wasu ke shafawa in ma za a sa to iyakarshi gindin ƙafa, in ya hau sama duk aikin da ka ɗora sai ya yi tabo kuma gam ba zai kama shi ba. In daɓen ƙasa ne ka sa ma kowace ƙafa ɗan tayil ko dutse ta hau. Saman kanshi kar ka yi mai fenti ko banish mai santsi, aiki zai riƙa zamewa, kuma kar ka shafa man gyaɗa, ba ya bushewa, ƙura kawai zai kama ya yi ɗoyi. A bar shi haka nan ya fi. In kuma da ƙarfe mai zare ka ɗaure, hunturun farko bayan ka gama ka bi notocin da sifana ka ƙara matsewa, za ka tarar sun ɗan saki, sa'annan ka aza doguwar sanda miƙaƙƙa bisa saman ta tsawo da ta gicce, inda ya tashi ka bi shi da rabo.